Ɗakin Aikin Ƙarfe a Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Sassaƙa da Gyaran Injuna

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka ware ɗan wuri a gida, ko zaure ne ko rumfa a tsakar gida, domin gyaran injin ban ruwa, janareta, keken ɗinki, babur ko injin markaɗe, don sha'awa da rage kashe kuɗi. An fara da na farkon shiga, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

Mene ne bambancin sassaƙa ƙarfe da ƙira ko walda?

Maƙeri yana dafa ƙarfe a wuta ya buge shi a kan uwar maƙera har ya ɗauki siffar da yake so, mai walda kuma yana narka gefen ƙarfe biyu ya haɗe su. Mai sassaƙa kuwa yankan ƙarfen yake yi a sanyinsa, yana ɗebe shi kaɗan-kaɗan da wuƙa ko magagari ko bakin diril, har ya kai wani awo da aka ƙayyade tun kafin a fara. Babban injin wannan aiki shi ne wanda ake kira let a gareji, inda ƙarfen ne ke juyawa yayin da wuƙa ke bin jikinsa tana fere shi. Tun kusan shekarar 1800, lokacin da Henry Maudslay ya inganta injin yanka tiredi, wato zaren bol da noti, a Landan, wannan hanya ce a hankali ta sa bol ɗin da aka yi a wani gari yake shiga notin da aka yi a wani garin.

Mai ɗakin aiki a gida zai taɓa dukkan ukun, amma abin da ya keɓe sassaƙa shi ne awo. Kuskuren milimita ɗaya ba ya hana fartanya noma, alhali a mazaunin boris kashi biyu cikin ɗari na milimita ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Da waɗanne kayan aiki ya kamata in fara?

Ba da injin let ba. Fara da tebur mai nauyi wanda ba ya motsi, ka ɗaure masa bayis, wato abin matse ƙarfe a tebur, mai faɗin baki kamar milimita 100 zuwa 125 da bol uku masu ƙwari. Sai zarton ƙarfe, magagari iri uku ko huɗu (shimfiɗaɗɗe, mai zagaye, mai rabin zagaye, da mai laushin haƙori), guduma, sifanoni, filaya, ɗan ƙarfen saka alama kafin huda, da akwatin taf da dayi na yanka tiredi daga M4 zuwa M12, wato na bol mai kaurin milimita 4 zuwa 12. Daga nan injin huda na tsaye da injin wasa mai dutse biyu. Ma'aunin baniya kuma, wato mai baki biyu da ake zurawa su matse abin da ake aunawa, ya riga su duka shiga gida, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

Wanda ya iya goge ƙarfe da magagari har fuskarsa ta miƙe sumul, ya kuma iya huda rami daidai inda ya sa alama, zai ga yawancin gyare-gyaren gida sun ƙare a kan tebur ɗin nan. Shi ne kuma wanda zai ci moriyar let idan ya saya, domin hannunsa ya riga ya san yadda kowane ƙarfe ke amsa yanka.

Baniya ya isa, ko sai na sayi maikiromita?

Baniya, wanda ya samo sunansa daga Bafaranshe Pierre Vernier da ya fito da tsarin a 1631, yawanci yana karanta har zuwa milimita 0.02. Mai batir yana nuna 0.01 a fuskarsa, sai dai kada lambar ta ruɗe ka, domin matsin yatsa kaɗai yana iya canza karatun da 0.02 ko fiye. Ya isa wajen auna tsawo, zurfin rami, kaurin bol da yawancin aikin yau da kullum. Amma da zarar aiki ya kai ga boris ko bushin, sai maikiromita, wanda ke karanta 0.01 da gaske, kuma yana da ɗan maƙalli a wutsiya da ke ƙara idan matsin ya isa, don kada hannu ya wuce gona da iri. Guda biyu, na 0 zuwa 25 da na 25 zuwa 50, za su ɗauki kusan duk abin da ke shigowa ɗakin aikin gida.

Akwai wani abu da masu koyo ba sa lura da shi sai ya cuce su, wato zafi. Ƙarfe yana buɗewa da kimanin milimita 0.012 a kowace mita idan zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, alminiyam kuma kusan ninki biyu na haka. An daidaita ma'aunai a kan digiri 20, alhali a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana haura 40 ko a inuwa. Idan ma'aunin da aikin duk na ƙarfe ne kuma zafinsu ɗaya, bambancin yana shafe kansa. Matsalar ita ce auna shaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, da ya fito daga yanka yana ƙona hannu: mai kaurin milimita 50 da ya ɗara ma'auni zafi da digiri 40 zai nuna ƙarin kusan 0.024, kuma idan ya huce sai boris ya zura a kansa ba tare da ya kama ba. Don haka kafin yankan ƙarshe a kashe inji a bar aikin ya huce, a goge bakin ma'auni da tsumma mai tsabta, a rufe shi a tabbatar yana kan sifiri, sannan a auna wuri uku.

Wane let ya fi dacewa da gida, sabon ƙarami ko tsohon babba?

Ƙaramin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira 7x14, ƙirar ƙasar Sin, wanda kamfanoni irin su Sieg na Shanghai ke yi ana sayarwa da sunaye daban-daban. Yana ɗaukar aiki mai faɗin kusan milimita 180 da tsawon kusan 350, ramin da ya ratsa kansa kimanin milimita 20 ne, kuma mutum biyu za su ɗaga shi cikin sauƙi. Yana yin bushin, bol, ƙananan shaf da fuli. Rauninsa shi ne rashin nauyi, da giyoyin roba da ke karyewa idan wuƙa ta caki aiki, da allon lantarki da ba ya jure hawa da saukar wuta.

Tsofaffin kuwa akwai Myford ML7 na Ingila da aka fara yi a 1946, da South Bend na Amurka, sai manya irin Colchester da Harrison waɗanda aka saba gani a makarantun fasaha da masana'antu. Nauyinsu yana sa yanka ya fita da kyau, amma manyan suna son wuta mai layi uku da daɓen siminti mai kauri, kuma da yawa an yi su ne a kan awon inci, ta yadda yanka tiredin milimita a kansu sai an samo giya mai haƙora 127. A ganina, wanda bai taɓa riƙe let ba kuma ba shi da gwanin da zai raka shi dubawa, ƙaramin sabo ya fi masa kwanciyar hankali.

Idan zan sayi na hannu, me zan duba?

Gadon injin, wato dogayen layukan da keken wuƙa ke tafiya a kai, shi ne farko, domin gyaransa ya fi ƙarfin gida. Yakan cinye ne kusa da kan injin, wato ɓangaren da ke juya aiki, inda aka fi aiki. Ka kawo keken kusa da kan injin, ka ɗan ɗaure maƙallinsa yadda zai motsa da ƙyar, sannan ka tura shi zuwa ƙarshen gadon. Idan ya cije a hanya, gadon ya zaizaye a gaba. Bayan haka ka ɗaura sanda a cok, wato mariƙin aiki mai haƙora da ke juyawa, ka ɗaga ta da hannu don jin ko kan yana wasa, ka juya kowace giya ka duba haƙora, ka kuma ƙirga kayan da ke biye da injin, musamman giyoyin canji da haƙoran cok na waje, domin samun su daga baya wahala ne. Mafi kyawun gwaji shi ne a kunna a fere sanda mai tsawon milimita 100 a gabanka, ka auna farkonta da ƙarshenta da maikiromita. Sabon fenti ba shaida ba ne.

Janareta ko sola za su iya ɗaukar waɗannan injuna?

Wutar Najeriya da Nijar da Gana mai layi ɗaya kusan bolt 220 zuwa 230 ce a kan hats 50, ta gidajen Amurka kuma 120 a kan hats 60, don haka a karanta farantin da ke jikin motar lantarkin da ke juya inji kafin a sayi injin da aka shigo da shi. Ko an sa masa taransifoma, motar da aka yi don hats 60 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, kuma tana iya yin zafi.

Ƙaramin let yana cin wat 350 zuwa 550, inbatar sola mai kyau tana ɗaukarsa, amma a raba shi da ƙaramin janareta mai wutar da ke rawa, ko a sa sitabilaiza a tsakani. Motar doki ɗaya, wato wat 746, tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a daidai lokacin tashi, shi ya sa janaretan da ya yi daidai da ita a lissafi yake durƙushewa. A nemi wanda ya ninka ta kamar sau uku. Injin layi uku kuma ana iya tafiyar da shi a gida da na'urar VFD mai mayar da wutar layi ɗaya zuwa layi uku, muddin motarsa tana karɓar haɗin bolt 230. A kowane hali a haɗa jikin inji da wayar ƙasa, kuma a sa makunnin da ba ya tayar da inji da kansa idan an dawo da wuta, domin a inda ake yawan ɗauke wuta wannan haɗari ne na kullum.

Yaya zan kare inji daga ƙura da tsatsa?

Ƙurar hunturu idan ta gauraya da mai a kan gadon inji tana cin ƙarfe a hankali, kamar yadda toka ke goge tukunya. A rufe inji da zanen auduga mai kauri bayan aiki, ba leda ba, domin leda tana tara gumi da damina. Kafin a motsa keken wuƙa da safe a share tsohon man a zuba sabo. Kada a shafa giris a gado, saboda yana riƙe ɓarɓashi. Injin wasa kuma a kai shi can wani ɓangare, nesa da let, domin ƙurar dutsensa ta fi ta iska illa.

Wace irin shiga ta dace a gaban inji?

Babbar riga, rawani, mayafi, carbi a wuya, agogo, zobe da dogon hannun kaftani duk a ajiye su kafin a kunna let ko injin huda. Abin da ke juyawa ba ya sakin abin da ya kama, kuma ƙaramar mota ma ta fi hannun mutum ƙarfi. Safar hannu tana da amfani wajen walda da ɗaukar ƙarfe mai kaifi, amma a gaban inji mai juyawa ita kanta haɗari ce. Tabarau na kariya wajibi ne, haka takalmi rufaffe.

Kada hannu ya rabu da makullin cok sai an zare shi, ko da na ɗan lokaci ne. Kada a janye ɓarɓashi da yatsa, a yi amfani da burushi bayan inji ya tsaya. Sabon dutsen wasa a rataye shi a ɗan ƙwanƙwasa da katako: lafiyayye yana amo, mai tsaga kuma muryarsa a dushe take, kuma irin wannan yana iya tarwatsewa a fuska. Ƙofar ɗakin aiki a gidan da ke da yara tana buƙatar kwaɗo.

A ina zan samu ƙarfen aiki, kuma yaya zan gane irinsa?

Mafi yawanmu a wurin 'yan gwangwan muke samu, ko a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, Katako a Yamai, ko Suame Magazine a Kumasi. Ƙarfen ba ya zuwa da takarda, sai a gwada. Maganaɗisu yana raba baƙin ƙarfe da alminiyam da tagulla da yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa. Magagari yana faɗin tauri: idan ya ci, wuƙar let za ta ci, idan ya zame yana ƙara, ƙarfen an taurara shi. A kan dutsen wasa, ƙarfe mai taushi yana ba da dogayen tartsatsi masu ƙarancin rassa, mai yawan kabon irin na sifirin mota ko tsohon magagari yana fashewa da rassa birjik, ƙarfen zubi kuma tartsatsinsa gajeru ne jajaye.

Rodin gini ba shi da daɗin sassaƙa, domin taurinsa ba ɗaya ba ne daga wuri zuwa wuri. Manyan bol sun fi shi, kuma lambar da ke kansu tana faɗin ƙarfinsu: 8.8 yana yankuwa lafiya, 10.9 da 12.9 sun fi tauri. Sandar cikin shokozoba tana da kyau amma fatarta tana da taurin da ke kashe wuƙa. Bututun da aka shafa wa zinki kuma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi idan an yi masa walda a rufaffen wuri.

Da wane gudu zan juya aiki?

Abin lura shi ne saurin da fatar ƙarfe ke wuce bakin wuƙa, ana auna shi da mita a minti. Da wuƙar HSS, wato ta taurarren ƙarfen da ke jure zafin yanka, ƙarfe mai taushi yana son kimanin 25 zuwa 30, ƙarfen zubi 15 zuwa 20, tagulla kusan 60, alminiyam kuma har 100. A ninka wannan lamba da 320, a raba da kaurin aikin a milimita, abin da ya fito shi ne juyi a minti. Sanda mai kaurin 25 ta ƙarfe mai taushi za ta so kusan juyi 380, mai kaurin 50 kuma rabin haka. Lissafin ɗaya ne ga bakin diril, shi ya sa bakin milimita 12 ke ƙonewa a gudun da na milimita 4 ke jin daɗi.

Launin ɓarɓashi yana ba da labari. Idan ya fara fita shuɗi a ƙarƙashin wuƙar HSS, gudun ya yi yawa. A tuna kuma cewa duk abin da wuƙa ta shiga, ninkinsa biyu ne ke raguwa a kaurin aiki, kuma wasu injuna lambar hannunsu tana nuna shigar wuƙa, wasu tana nuna raguwar kauri. A gwada a kan guntun ƙarfe a sani tun rana ta farko.

Me ya sa aikina ke fita da kaushi, injin kuma yana kuka?

Sau da yawa abu ɗaya ne cikin huɗu. Ko dai bakin wuƙa bai zo daidai tsakiyar aiki ba, wanda ake ganewa idan an fere fuskar sanda aka bar ɗan tsiro a tsakiya. Ko wuƙar ta leƙo da yawa daga mariƙinta. Ko aikin ya fito daga cok fiye da ninki uku na kaurinsa ba tare da an tallafe shi da tsinin baya ba, wato tsinin da ke tokare ɗaya ƙarshen aiki. Ko kuma wuƙar ta dakushe. Ga ƙaramin inji, wuƙar HSS da mutum ya wasa da kansa ya kuma goge bakinta da dutsen mai ta fi wuƙa mai bakin kabayid, wanda ya fi HSS tauri, domin kabayid yana son gudu da nauyin inji, kuma yana ɓallewa idan inji na rawa. Idan an gyara waɗannan huɗun kukan bai daina ba, a rage gudu kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta gabata, a kuma ɗaure ƙananan sukurorin da ke cire wasa a jikin keken wuƙa.

Yaya zan gane irin tiredin da ke jikin bol?

Abu biyu ake aunawa: kaurin bol da tazarar da ke tsakanin zare da zare. Idan babu ma'aunin haƙora, a auna tsawon zare goma da baniya a raba da goma. Na milimita da aka fi gani su ne M6 mai tazarar 1.0, M8 mai 1.25, M10 mai 1.5 da M12 mai 1.75, kuma ramin da ake hudawa kafin a sa taf shi ne kauri a ɗebe tazara: 5.0, 6.8, 8.5 da 10.2. Motoci da baburan Japan suna yawan amfani da M10 mai 1.25, wanda notin kasuwa ba ya shiga.

Tsofaffin injunan Ingila, irin injin Lister da ke juya injin niƙa a garuruwa da yawa, suna ɗauke da tiredin da Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar digiri 55, alhali na milimita da na Amurka 60 ne. Bol ɗin rabin inci na Whitworth yana da zare 12 a inci, na Amurka 13, kuma M8 yana kama da 5/16 har noti ya shiga zagaye biyu kafin ya cije. Duk notin da ya cije bayan zagaye biyu a tsaya a auna, kada a kira sifana ta tilasta shi. Kayan famfo kuma nasu daban ne, domin bakin bututun da ake kira rabin inci kaurin tiredinsa kusan milimita 21 ne. Fedar keke ta hagu tiredinta na hagu ne, ana kwance ta ta inda ake ɗaure sauran.

Bol ya karye a cikin rami. Yaya zan fitar da shi?

Idan guntun ya leƙo ko yana daidai da fuska, hanya mafi kyau ita ce a ɗora noti a kansa a cika cikin notin da walda. Zafin yana karya tsatsa, notin kuma ya ba sifana wurin kamawa. A bar shi ya huce, a ɗiga mai, a riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Wannan yana aiki sosai a jikin alminiyam, kamar kan injin janareta, domin waldar ba ta kama alminiyam.

Idan ya karye can ciki, a daidaita fuskarsa, a sa alama a tsakiya tsaf, a fara da siririn baki sannan a riƙa ƙarawa har a kai girman ramin taf da ke cikin amsar tiredi, sai a tsince ragowar zaren a bi da taf. Bakin diril mai juyin hagu, idan an samu, yakan fito da guntun tun ana huda. Ina jan kunne game da ɗan ƙarfen nan mai taurin gaske da ake sayarwa don zare karyayyen bol: idan ya karye a ciki, babu bakin diril na gida da zai huda shi. Idan zaren ramin ya riga ya mutu, kamar yadda ke faruwa a ramin fulogi mai M14 da tazarar 1.25, ana sa masa zaren waya irin Helicoil ya koma girmansa na asali.

Boris yana wasa a kan shaf ɗin injin ban ruwa. Mene ne gyaran gaskiya?

A fara da karanta lambar boris. Lambobi biyu na ƙarshe suna faɗin ramin ciki: 00 milimita 10 ne, 01 kuma 12, 02 shi ne 15, 03 shi ne 17, daga 04 zuwa sama kuma a ninka da biyar. Saboda haka 6203 raminsa 17 ne, wajensa 40, faɗinsa 12, yayin da 6204 yake 20 da 47 da 14. Mazauninsa a kan shaf mai juyawa ya kamata ya ɗara ramin da ɗan abin da bai wuce 0.01 ba, don zoben ciki ya kama ya juya tare da shaf. Idan maikiromita ya nuna 19.90 a inda ya kamata a ga 20.01, za ka ga wurin ya yi sheƙi da jan gari-gari a gefensa, alamar zoben ya daɗe yana zamewa.

Abin da aka saba yi a bakin hanya shi ne a caccaka wurin da ƙarfen alama don ya yi ƙuraje, ko a naɗa masa gwangwani. Wannan yana riƙewa na ɗan lokaci, sannan ƙurajen su kwanta, shaf ya koma juyawa a karkace ya kashe sil ɗin ruwa. Idan cinyewar kaɗan ce, gam ɗin riƙe boris irin na Loctite yana cike ta. Idan ta yi yawa, a fere wurin a rage kamar milimita 3 a kauri, in dai shaf ɗin yana da naman da zai jure, a sassaƙa hannun riga na ƙarfe wanda raminsa ya gaza wurin da kusan 0.02, a ɗumama shi a zura, ya huce, sannan a fere wajensa zuwa awon boris alhali shaf ɗin yana tsakanin tsini biyu. Cika wurin da walda ma hanya ce, sai dai zafinta yana lanƙwasa siririn shaf.

Wajen mayar da sabon boris, a ɗumama shi kada ya wuce digiri 110, ko a tura shi da guntun bututu da ke dafa zoben ciki kaɗai. Dukan zoben waje da guduma yana sa ƙwallayen su yi tabo a hanyarsu tun kafin injin ya tashi. A sake duba abin da aka faɗa kan zafi a amsar maikiromita kafin yankan ƙarshe.

Wane aiki ya dace in fara da shi a kan let?

Bushin na tagulla, ko na keken ɗinki ne ko na fanka ko na amalanke. Ƙaramin abu ne, amma a cikinsa akwai fere fuska, fere jiki, huda, faɗaɗa rami da yankewa, kuma yana koyar da kamu iri biyu a lokaci ɗaya: wajensa ya matse a gidansa, cikinsa kuma ya bar wa shaf sarari kamar 0.03 zuwa 0.05 a kaurin milimita 20. A yi ciki da waje a ɗauri ɗaya ba tare da an kwance cok ba, don ramin ya zauna a tsakiya. A sani kuma cewa ramin yana ɗan tsukewa bayan an danna bushin a gidansa, don haka a sake gwada shaf bayan dannawa. Bakin diril yana fizgar tagulla, sai an ɗan dakusar da kaifinsa da dutsen mai.

Zan iya taurara ƙarfe a gida?

Ana iyawa, in ƙarfen mai yawan kabon ne kamar sifirin ko tsohon magagari. Mai taushi ba ya taurara ko an tsoma shi sau nawa. A dafa shi a gawayi har ya yi ja maganaɗisu ya daina kama shi, wanda ke faruwa a wajen digiri 770, a ɗan ƙara kaɗan, a tsoma a mai a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, a fili. A wannan hali yana da tauri amma yana karyewa. Sai a goge shi ya yi fari, a ɗumama a hankali daga nesa da bakin ana kallon launi yana tafiya: ruwan kara, kusan digiri 230, ya dace da abin yanka, shuɗi kuma, kusan 300, ya dace da sifirin da sukudireba. Tsofaffin maƙera sun san waɗannan launuka da ido fiye da yadda rubutu zai bayyana, kuma zama kusa da ɗaya daga cikinsu na yini guda yana da amfani ƙwarai.

Akwai gyaran da bai kamata a yi a gida ba?

Akwai. Tukunyar gas, tankin kwamfuresa da duk abin da ke riƙe iska mai matsi ba a yi musu walda ko huda. Tankin fetur da durom ɗin da ya taɓa ɗaukar mai suna fashewa ko sun daɗe a bushe, domin tururin da ya rage a ciki ne ke kamawa. Kayan birki da na sitiyari da ƙafar mota ko ta A Daidaita Sahu a sauya su da sababbi, kada a cika su da walda ko a sassaƙa madadinsu da ƙarfen da ba a san irinsa ba, saboda rayukan fasinja ne a kai. Wasa karanshaf da faɗaɗa silinda kuma aikin injuna ne na musamman, a kai wa masu su.

Da zarar unguwa ta san kana da let, wata rana wani zai kawo guntun ƙarfe ko zane ya ce a yi masa irinsa ba tare da ya faɗi na mene ne ba. A tambaya, kuma a nemi ganin injin da abin zai shiga. Ƙera bindiga ko sassanta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a dokar Najeriya, kuma wanda ya sassaƙa yana cikin laifin tare da wanda ya kawo aikin.